Kanawa, Mu Tashi Mu Je Mu Tambaya

Jama'ar Kano. Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata. Mutanen Dala da Gwale da Fagge. Mutanen Birni da Nasarawa da Tarauni. Mutanen Kumbotso da Ungogo. Da ku nake, ku ba ni aron hankalinku.

Wa ya san sunan kansilan mazaɓarsa? Wa ya san ƙofar gidansa? Wa ya taɓa taka sakatariyar ƙaramar hukumarsa, in ba neman takardar shaidar asali ce ta kai shi ba? Wa ya taɓa ganin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa da idonsa? Kowa ya amsa tsakaninsa da Allah.

Kullum bakinmu yana Abuja. A teburin mai shayi, Abuja. A majalisar ƙofar gida, Abuja. A cikin adaidaita sahu, Abuja. Alhali kwatar da ta toshe a layinmu ba a Abuja take ba. Lungun da ake tare 'ya'yanmu a ƙwace musu waya ba a Abuja yake ba. Yaron da ke kwana a ƙarƙashin gada a garinmu yake kwana. Asibitin sha-ka-tafin da babu magani a unguwarmu yake. Masu yanke shawara a kan duk waɗannan ma suna nan kusa. Tafiyar ƙafa ce tsakaninmu da su.

To mu tashi. Mu je. Mu tambaya.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano ce ta fi kowace jiha yawansu, tana da 44, da mazaɓu 484. Kowace mazaɓa da kansilanta. Kowace ƙaramar hukuma da shugabanta da majalisarta. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Gina titunan cikin unguwa da kula da su. Magudanan ruwa. Fitilun kan titi. Kwashe shara. Banɗakunan jama'a. Kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Maƙabartu. Gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Sa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan da hannunsu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Ku sake karanta wannan jerin. Rayuwar talaka ce gaba ɗaya, tun daga ranar suna har ranar jana'iza.

Gaskiya ne, a cikin birnin Kano gwamnatin jiha ta ɗauki da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ta ba hukumominta. Shara tana hannun REMASAB. Tsara gari yana hannun KNUPDA. Zirga-zirgar titi tana hannun KAROTA. To sai mu ƙwanƙwasa ƙofa biyu. Kansila ya kai kukanmu sakatariya. Ɗan majalisar jiha ya kai shi gidan gwamnati. Kada wani ya ce mana ba aikinsa ba ne. Idan ba nasa ba ne, ya faɗa mana na wane ne, ya kuma shige gaba mu je tare.

Ga kuma maganar kuɗi. Kowane wata ana raba kuɗin asusun tarayya, kason ƙananan hukumomi kashi 20.6 cikin ɗari. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, wata bayan wata. Shekara da shekaru kuɗin nan suna bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Kotu ta ce a ba ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye. Ta ce gwamna ba shi da hurumin riƙe su. Ta ce zaɓaɓɓu ne za su mulki ƙananan hukumomi, ban da kantomomin riƙo.

Mun yi murna, kuma murnar ta dace. Amma hukuncin kotu ba ya yashe kwata. Ko ta wace hanya kuɗin suka biyo, dukiyar da babu mai tambayarta kamar gona ce a bakin burtali ba shinge. Ku duba kuma yadda zaɓen ƙananan hukumomi ya saba ƙarewa a jihohinmu: jam'iyyar gwamna ta kwashe kujeru duka, kowace jam'iyya ce kuwa. Idan babu ɗan adawa a zauren majalisa, wa zai yi tambayar? Mu ne. Ni da kai da ke.

Tambaya gadonmu ce, Kanawa. A zamanin En'e talaka ba ya ɗaga kai. Ɗan doka ya kama, a ɗaure, haraji ya hau wuya, ba mai cewa don me. A garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa suka koya wa talaka cewa yana da baki. 'Yan NEPU sun sha ɗauri, sun sha bulala, ba su fasa ba. A 1976 aka yi gyaran da ya haifar da tsarin ƙananan hukumomin da muke ciki. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Iyayenmu sun yi tambaya lokacin da tambaya ke kai mutum gidan yari. Mu da doka ta ba mu dama, don me za mu yi shiru?

Mu fara da tsaro, domin wanda bai yi barci ba ba ya neman abinci.

Duk mun san halin da ake ciki. Magariba ta yi, ɗalibi ya ɓoye wayarsa a cikin safa. Uwa tana leƙen ƙofa har ɗanta ya dawo daga shago. Faɗan daba ya tashi, unguwa ta rufe, 'yan tireda su kwashe kaya a guje. An kashe matasa a kan wayar da kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Waɗanda ke riƙe da wuƙar kuma 'ya'yanmu ne. A gidajenmu aka haife su, a layinmu suka yi rarrafe.

'Yan sanda na gwamnatin tarayya ne, shugaban ƙaramar hukuma ba ya ba su umarni. Amma yana zama da su. Akwai taron tsaro na ƙaramar hukuma, inda shugaba da hakimi da baturen 'yan sanda ke haɗuwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma har zuwa matakin caji ofis. Wa ke wakiltar unguwarku a can? Ku bincika. Idan babu, ku zaɓi naku. Ku tura dattijo mai gaskiya. Ku tura matashi mai ji da gani. Ku tura mace, domin mata sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a cikin gidaje.

Ku nemi fitila. Ɓarawo ba ya son haske, kuma fitilar kan titi aikin ƙaramar hukuma ne. Ku zaga da daddare ku rubuta duk lungun da ke da duhu. Ku rubuta duk kangon da ya zama matattarar shaye-shaye. Ku nemi a sa wa layinku suna, a sa wa gidajenku lamba, don motar 'yan sanda ko ta kashe gobara ta same ku ba tare da ɓata lokaci ba. Ku karɓi lambar wayar caji ofis ɗinku, ku manna a ƙofar masallaci.

Ku tare ƙwaya tun daga tushe. Rahoton wani bincike na shekarar 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, bayan duniya ta ga ɓarnar da yake yi wa matasanmu, har da matan aure. Dillalin ƙwaya ba aljani ba ne. Yana da shago, yana da gida, yana da maƙwabta. Ku kai rahotonsa ga hukumar NDLEA ta hannun mai unguwa. Ɗan siyasar da ya ba ɗanka ƙwaya da gora ranar kamfe, ya bar nasa ɗan a makaranta, kada ka ba shi ƙuri'arka. Kada ki ba shi taki.

Sannan mu tsare mutuncin kowa. Tsaro ba ya tsayuwa a kan zalunci. Beli kyauta ne, ku sani, ku sanar. Doka ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Doka ta ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. 'Yan sintirinmu suna kwana a waje don mu yi barci, Allah ya saka musu. Ku tallafa musu da tocila da takalmi da ɗan alawus. Amma a yi musu rajista, a san su, a horar da su. Wanda suka kama, su miƙa shi ga hukuma. Kada a duka. Kada a ƙona. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu ta dawowa gida Kano yin salla. Zargi kawai aka yi, taro ya yanke hukunci. Mun yi kuka, mun ce a bi mana haƙƙi. To abin da muka ƙi a yi wa namu, kada mu yi wa kowa a layinmu.

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin gada.

Idan gari ya yi shiru, ku bi ta bakin kasuwa da tashar mota da barandar shaguna. Ku ga waɗanda ke shimfiɗa kwali. Almajiri ɗan shekara bakwai. Tsoho da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'ya suka watse. Mai taɓin hankali da danginsa suka gaji. Bazawara da 'ya'yanta, kuɗin haya ya kore su. Waɗanda 'yan bindiga suka taso daga Zamfara da Katsina, da waɗanda rikicin Borno ya raba da gidajensu. A nan hunturu yake samunsu. A nan ruwan damina yake dukansu. Mutane ne, jama'a. Suna da suna, suna da asali, suna da haƙƙi a kanmu.

Mun ga abin da kora take haifarwa. A farkon 2020 gwamnatin Kano ta haramta bara a titi. Da annobar korona ta zo a shekarar, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Wannan jiha ta tura wa waccan, waccan ta turo wa wannan. Yau ku fita titi ku duba. Yaran sun dawo, baran yana nan. Kamu da kora ba sa cika ciki, ba sa ba mutum ɗaki. Wanda aka kora daga wannan gada, waccan zai koma.

Tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa gidajen gajiyayyu da kula da su. Akwai gidan gajiyayyu a Shahuci. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau. Garin da ke ɗauke da miliyoyin mutane yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Ku tambayi shugaban ƙaramar hukumarku: nawa aka ware wa marasa galihu a kasafin bana? Ina matsugunin da za a kai wanda aka tarar a titi? Wa zai duba lafiyarsa? Wa zai nemo danginsa? Duk ranar da aka ce za a kwashe mabarata, mu tambaya tun kafin mota ta tashi: ina za a kai su, me za su ci, wace sana'a za a koya musu?

Mu ma da namu aikin. Kowace unguwa ta ƙidaya masu kwana a wajenta, mai unguwa da liman su jagoranta. A san tsangayun da ke mazaɓa, a san malamansu, a san yawan yaransu, a san inda suke kwana da inda suke bahaya. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. A 2023 an kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ku kai musu jerin sunaye, ku riƙe kwafi, ku koma ku tambayi inda aka kwana. Attajiranmu, ku yi waƙafin gida ko ɗaki biyu a gefen tsangaya. Iyayenmu mata, ku raya al'adar nan ta riƙe almajirin gida: ki ba shi abinci, ki duba ƙaswarsa, ki san sunan mahaifinsa. Ya kai uba, ɗanka amana ne a wuyanka. Idan za ka kai shi karatu, kai shi da guzurinsa, ka riƙa zuwa kana ganinsa.

Mu zo kan lafiya.

Tun daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki. Yara suka riƙa mutuwa da maƙogwaro a toshe. Mafi yawansu ba a kammala musu riga-kafi ba. Alhali allurar kyauta ce. Ana yin ta a sati shida da haihuwa, da sati goma, da sati goma sha huɗu. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne a kan gaba. Daga ina yake zuwa? Daga ruwan da ya haɗu da bahaya. Daga rijiyar da ke maƙwabtaka da masai. Daga kwatar da ta cika ta shigo tsakar gida. Duk waɗannan maganar magudana ce da shara da banɗaki da ruwan sha. Wato maganar ƙaramar hukuma.

Kada wani ya ce ba za mu iya ba. Mun taɓa iyawa. Akwai lokacin da duniya ke nuna Kano da yatsa saboda shan inna. Sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka miƙe. Malamai suka yi bayani. Mata ma'aikata suka bi gida-gida cikin rana da ƙura. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Da ƙafar mutanen unguwa aka ci wannan nasara. Ƙafar tana nan.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Manufa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Kuma an tanadi kwamitin raya mazaɓa da zai sa ido a kan asibitin. Su wa ke cikin kwamitin mazaɓarku? Yaushe suka yi zama na ƙarshe? Ku je asibitin unguwarku gobe da safe. Ku gaisa da ma'aikata da mutunci, domin da yawansu suna aiki cikin ƙunci. Ku tambaye su abin da suka rasa. Akwai ruwa? Akwai wuta da daddare? Firjin ajiye allura yana aiki? Akwai ungozoma idan naƙuda ta zo ƙarfe biyun dare? Ku rubuta. Ku kai wa kansila. Idan asibitin unguwa ya tsaya da ƙafarsa, ba sai an kwashi mai zazzaɓi an tafi Asibitin Murtala a bi dogon layi ba.

Maigida, ka bar matarka ta je awon ciki. Ka raka ta in ka samu hali. Uwargida, ki adana katin riga-kafi kamar yadda kike adana sarƙarki. Idan gudawa ta kama yaro, ki haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki riƙa ba shi, ki garzaya asibiti. Idan masu rabon maganin zazzaɓin damina suka ƙwanƙwasa, ku buɗe musu. Ku ɗaura gidan sauro. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce. Kada mu mayar da ita ranar barci. Matasa ku fito da shebur da manjagara. Ku yashe kwata, ku tara sharar wuri ɗaya, ku kira a kwashe. Idan ba a zo ba, ku sake kira. Kada kowa ya zuba leda a magudana, ko da kuwa ana ruwan sama.

Sai raya gari.

Muna alfahari da gadojinmu, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Dangi da Sabon Gari. Gari mai girma yana buƙatarsu. Amma ci gaban da ya tsaya a babban titi bai iso gida ba. Ku shiga lungu ku gani. Mata da yara suna jiran ɗan ga-ruwa. Kududdufan da ke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni an cike su an yanka filoti. Badala tana ta zaizayewa. Filin makaranta da na maƙabarta da na wasan yara sun zama shaguna. An yi gini a kan hanyar ruwa, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A daminar 2022 ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙa dukiyar 'yan kasuwa mai tarin yawa.

A watan Yuni na 2023 aka yi rusau a birnin nan. Gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi suka kwanta. Wasu suka yaba, wasu suka yi kuka, aka kai ga kotu. Kowane ɓangare kake, darasin ɗaya ne. An yanka filayen ba a tambaye mu ba. An rushe ba a tambaye mu ba. Asarar kuma a cikinmu ta tsaya. Lokacin yin magana shi ne kafin a haƙa tushe. Ka ga ana auna filin makarantarku? Yi magana yau. Kin ga ana juye ƙasa a kududdufin bayan gidanku? Ki sanar da mai unguwa yau. Ku nemi ganin takardar izini. Ku nemi a zauna da mutanen unguwa kafin a yanka, kafin a gina, kafin a rushe. Wanda aikin jama'a ya ci gidansa ko rumfarsa, a ba shi sanarwa a kan lokaci, a biya shi diyya, a nuna masa inda zai koma. In ba haka ba, da hannunmu muke ƙara yawan masu kwana a ƙarƙashin gada.

'Yan kasuwa, kullum kuna biyan kuɗin tikiti. Mai tebur yana biya, mai baro yana biya, ɗan adaidaita yana biya. Ku karɓi rasiti. Ku tambaya ta bakin ƙungiyarku: nawa aka tara a wata, me aka yi da shi? Ina banɗakin kasuwa? Ina famfo? Ina hanyar da motar kashe gobara za ta bi? Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta isa ta koya mana.

Kun ga dai yadda abin yake a sarƙe. Lungu mai duhu yana haifar da ƙwace. Rusau ba shiri yana haifar da kwanan titi. Kwanan titi yana haifar da cuta. Kwata a toshe tana cika asibiti. Yaron da aka bari a titi yau, shi dillalin ƙwaya zai ɗauka gobe. Matsala ɗaya ce mai fuska huɗu, kuma a tebur ɗaya ake yanke shawararta. Mu nemi kujera a wannan tebur.

Ga abin yi, tun daga wannan makon.

Ku san kansilanku. Ku karɓi lambarsa. Ku gayyace shi ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar la'asar. Ku haɗu ku goma, ku ashirin, maza da mata. Ku zaɓi matsala uku da suka fi damun layinku, uku kawai. Ku rubuta su a takarda, ku sa hannu, ku sa kwanan wata. Ku kai sakatariya, a buga muku hatimin karɓa, ku riƙe kwafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ku nemi kasafin kuɗi. Ku nemi jerin ayyuka da sunan wanda aka ba kwangila. Ku je ku ga aikin da idonku. Bayan wata ɗaya ku koma. Bayan wata biyu ku sake komawa.

Ku je da ladabi. Ban da zagi, ban da jifa, ban da ƙone-ƙone. Ku ajiye hular jam'iyya a gida, domin sauro ba ya tambayar jam'iyya. Shugaban da ya yi aiki, ku yaba masa a bainar jama'a. Wanda ya ƙi, ku faɗa a gidan rediyo da hujja a hannu, ku kuma tuna da shi ranar zaɓe.

Malamanmu, ku faɗa a kan mumbari. Haƙƙin maƙwabci da tsaftar hanya da amanar dukiyar jama'a duk addini ne. 'Yan jarida, ku riƙa leƙa zaman majalisun ƙananan hukumomi. Ɗalibai, wayar hannunku ta isa ta binciko kason wata, ku fassara wa iyayenku. Mata, ku kai maganar nan islamiyya da gidan biki da wurin adashi. Matasa, ƙarfinku na gina unguwa ne, kada ku sayar da shi a kan kuɗin shayi. Masu unguwanni da dagatai da hakimai, ku buɗe mana zaurukanku. Kansiloli da shugabanni, ku 'ya'yanmu ne, daga cikinmu kuka fito, cikinmu za ku dawo. Ku karɓe mu idan mun zo.

Kada ka jira maƙwabcinka ya fara. Kada ki ce ke mace ce. Kada ka ce kai talaka ne, domin da sunanka ake turo kuɗin nan kowane wata. Gobe da safe ka nemi sunan kansilanka. Ranar Juma'a ku zauna. Ranar Litinin ku kai takarda.

Kanawa, garin namu ne, kuɗin namu ne, 'ya'yan namu ne. Mu tashi. Mu je. Mu tambaya. Allah ya ba mu ikon yi, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya.